Tagar da Ya Bari a Buɗe

Litinin, ƙarfe goma na safe

Yau na koma ofis. Mama ta ce jikina bai isa fita ba tukuna, na ce mata aiki ba ya jira. Ta ce, "Ke ma ai ba kya jira, tun kina ciki haka kike." Na sa takalmi na fito.

Telan da ke ƙasan benenmu yana ganina ya tsayar da keke ya miƙe. "Sannu Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya. Ya leƙa bayana kamar akwai mai biyo ni, ya ce, "Oga fa?" Na ce yana gidan Yayansa, yana hutawa. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya koma ya zauna, amma ban ji kekensa ya tashi ba sai da na kai sama.

Tsohuwa na nan a ɗakinta mai sanyi tana gurnani. Haka muke kiran sabarmu, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafukan makarantun da muke wa aiki. Mijina ne ya haɗa ta da hannunsa tun kafin ya san ni, kuma har gobe cewa yake ta girme ni a kamfanin nan, in riƙa gaishe ta. Yau na gaishe ta. Babu kowa, don haka babu mai yi mini dariya.

Ban gama share tebur ba shugabar ƙungiyar makarantun ta kira. Ta yi gaisuwa mai kyau, sannan ta shiga magana. Juma'ar sati na uku daga yau za su saki sakamakon jarrabawa. A zangon da ya wuce iyaye sun taru a shafin lokaci guda, ya tsaya cak, sai zagi ta sha a waya. Ta ce, "'Yata, na san halin da kuke ciki, wallahi na sani. Amma in aka maimaita, makarantun nan za su kwashe su koma wani wuri, ba zan iya riƙe su ba."

Na ce ba za a maimaita ba. Ban ce mata wanda ya san cikin Tsohuwa ba ya ɗaga waya ba.

Litinin, bayan la'asar

Tagarmu na nan a buɗe.

Akwai wata baƙar taga a fuskar kwamfuta da muke ba Tsohuwa umarni ta cikinta. Mu biyu muke shiga, duk abin da ɗaya ya rubuta ɗaya yana gani, ko da yana wata uwa duniya. Rabin hirar aurenmu a nan muka yi ta. Ina tsakiyar aiki sai in ga haruffa suna fitowa da kansu: a sayo burodi? Ko kuma: Hajiya Yanzu-yanzu, cire hannunki daga nan. Ni kuma in rubuta masa: Malam Sannu-sannu, kafin ka gama tunani yaran sun gama jami'a.

Layinsa na ƙarshe yana nan. Ya fara rubuta umarnin duba ƙwaƙwalwar Tsohuwa, ya tsaya a tsakiyar kalma. Ɗan farin sandan nan yana ta ƙiftawa a gaban harafin ƙarshe, yana jiran ya ƙarasa.

Na san abin da ya katse shi. Kirana ne, ranar nan, daga gida.

Na buɗe wata taga dabam na yi aikina. Waccan ban taɓa ta ba.

Talata, da rana

Na kira wayarsa. Ta yi ta ringin har ta gaji.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Na yi wa Tsohuwa gwaji. Na turo mata baƙin ƙarya, dubbai, kamar yadda iyaye za su yi mata rubdugu ran Juma'ar. Ba su kai rabi ba ta fara nishi, shafi ɗaya sai ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba.

Sai na yi halina. Na buɗe saitin manhajar da ke tafiyar da ita na canza abu wajen goma a zama ɗaya, duk wanda na taɓa jin an ce yana ƙara sauri. Na sake gwaji. Ta fi da lalacewa, kuma ban san wanne daga cikin goman ya yi ɓarnar ba.

Har muryarsa na ji. "Abu ɗaya. Ki canza abu ɗaya, ki jira, ki auna. In ya yi, ki ƙara wani." Shekara nawa muna faɗa a kan wannan. Mutumin da ko gishiri zai ƙara a miya sai ya ɗanɗana ya tsaya yana kallon silin.

Na mayar da komai yadda na same shi. Allah ya so ni ba ta faɗi gaba ɗaya ba, da akuya ta tona mini asiri. In Tsohuwa ta yi shiru akwai saƙon gargaɗi da ke zuwa wayoyinmu, shi kuma ya sa wa nasa kukan akuya, ya saita ta yadda ko wayar na kan shiru sai ta yi. Ranar da ɓera ya ci mana igiyar intanet yana kwance a kujerar likitan haƙori, baki a wangale, akuya ta ɓarke da kuka a aljihunsa. Ya ce saura kaɗan likitan ya cire masa mai lafiyar.

Na yi dariya ni kaɗai da na tuna. Daga baya kuma ba dariya ba ce.

Juma'a, da hantsi

Abu ɗaya.

Tsohuwa na da wata ɗabi'a irin ta masu ɓoye kaya. Tun ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba sai ta fara kwashe abubuwa tana kaiwa faifan ajiya, in an nema kuma ta tafi ɗaukowa tana jan ƙafa. Na rage mata wannan zumuɗin, na ce ta riƙe kayanta a hannu sai in wuri ya ƙure. Na naɗe hannu na jira. Jiran nan ya fi aikin wuya, har sai da na zauna a kan tafukana.

Ta ɗan yi sauri. Ba da yawa ba, amma na san daga ina saurin ya fito.

Na juya zan ce masa ka gani, sai na ga jakata a kan kujerarsa. Tun ran Litinin nake ajiye ta a nan, don kada kujerar ta zauna haka.

Asabar, da yamma

Mama ta ce a buɗe ƙaramin ɗakin ya sha iska. Ta ce gadon jaririn ma tunda ko ledarsa ba a cire ba, ƙanwarta ta san masu buƙata. Na ce a bari. Ta ce har yaushe? Na ce har ya dawo, tare muka sayo shi.

Ta dube ni ta ce, "To." Mama ba ta taɓa barin magana a kan "to" ba sai bana.

Litinin, ƙarfe tara

Abu na biyu. Akwai iyakar fayilolin da aka yarda Tsohuwa ta buɗe a lokaci guda, kuma duk mai shigowa shafin yana cin ɗaya. Iyakar ta yi kaɗan tun makarantun ba su kai haka yawa ba. Na ɗaga ta, na jira, na auna. Ta yi.

Yaya ya kira da kansa. Ya ce yana cin abinci kaɗan-kaɗan, yana fita masallaci, yana gyara wa yara kekunansu. Kekunan ma lafiyarsu ƙalau, kwance su yake yi ya sake ɗaurawa. Na ce wayarsa fa? Ya ce tana aljihunsa kullum, a kan shiru. In ta yi haske sai ya ciro ya duba sunan, ya daɗe yana kallo, ya mayar.

"Ki ƙara haƙuri, ƙanwata. Ba fushi yake da ke ba. Kunyar idonki yake ji, ban san dalili ba."

Na ce, "Yaya, me ya yi da zai ji kunya?"

Ya ce shi ma abin da yake tambayarsa ke nan.

Talata, da azahar

Sandan na ƙiftawa.

Laraba, ƙarfe biyu

Yau na gano abin da ya sa na yi zaman dirshan a ƙasa. Yawancin gyaran da ya yi wa Tsohuwa a shekarun nan, da baki kawai ya gaya mata. Yana canza saiti tana cikin aiki, ya ga ya yi, ya ce zai rubuta a fayil daga baya. Bai rubuta ba. Tunda kuma ba a taɓa kashe ta ba, ba ta taɓa mantawa ba. Ranar da duk aka kashe ta za ta farka kamar ba ta taɓa saninsa ba.

Malam Sannu-sannu! Mai yi mini wa'azin tsari! Da yana nan da yau ya ga ta kansa, sai na yi sati ina ja masa.

Na wuni ina tambayarta saitin ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa da na asali, ina adana duk wanda hannunsa ya taɓa. Ina gane shi a ciki. Ba ya son lamba mai cika, in kowa ya sa dubu shi sai ya sa dubu da ɗan wani abu, wai ya auna. Na tarar ya tsawaita lokacin da take jiran mai shigowa kafin ta yanke shi, fiye da yadda kowa ke yi. Na tuna dalili. Akwai malaman da ke can inda sabis ba shi da ƙarfi, suna cikin shigar da maki sai a watso su waje su faro daga farko. Wata malama ta taɓa kiransa tana kuka. In na rage, Tsohuwa za ta samu sarari. Na bar shi yadda yake, na faɗaɗa layin jiran masu shigowa a maimakonsa.

Ina kewarsa. Na rubuta, tunda babu mai karantawa.

Alhamis, da safe

Yau haushinsa nake ji. Ni na ɗauki cikin wata takwas. Ni aka yanka. Ni na dawo gida babu jariri, sai jakar da na shirya, ban buɗe ta ba. Amma shi ne ya tafi hutawa.

Alhamis, bayan magariba

Na karanta abin da na rubuta da safe. Ba zan goge ba, gaskiya ne.

Amma na tuna wani abu. Kwanakin nan da gida ya cika, kowa wajena yake zuwa. A riƙe hannuna, a kawo mini ruwa, a ce in yi kuka in zan yi. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana jera wa mutane takalma, yana nuna musu inda za su ajiye mota. Duk wanda ya wuce sai ya dafa shi ya ce, "Ka kula da ita." Ban ji wanda ya ce masa kai ya kake ba. Ni ma ban ce ba.

Ya jira har na fara tafiya da ƙafata, ya cika firij, ya gyara famfon banɗaki, sannan ya ce zai je wajen Yaya kwana biyu.

Asabar, ƙarfe sha biyu

Na kai bango. Gwaji yana tafiya lafiya har kusan inda nake so, daga nan sai ta shaƙe. Na bi ta ko'ina. Zuciyar manhajar ce ta tsufa, ba ta iya raba aikin masu shigowa a tsakanin injinanta, sai ta jibga wa ɗaya sauran na zaune. Sabuwar zuciyar ta iya. Tana ma ciki, shi ya sauke ta tun watannin baya yana jiran hutun makarantu.

Sabuwar ba ta fara aiki sai an kashe Tsohuwa an sake kunna ta.

In aka kashe ta, duk tagar da ke buɗe ta tafi.

Lahadi

Na ɗauki hoton tagar da waya. A hoto sandan ba ya ƙiftawa.

Litinin, da yamma

Na gwada dabara uku don in kauce wa kashewar. Ɗaya bayan ɗaya, da jira, da awo, ko shi ba zai kushe ba. Babu wadda ta yi.

A hanyar gida na ce wa mai tasi ya bi ta layin su Yaya. Takalminsa na bakin ƙofa, wanda ya taka bayansa ya mayar silifa. Ga keken yara a kife, babu taya ɗaya. Mai tasi ya ce, "Nan ne, Hajiya?" Na ce a'a, mu je, na yi ɓatan kai.

Talata, bayan isha

Na gaya wa Mama. Na yi ta kwatance da taga da layi da sanda, tana yanke farce tana saurare. Da na gama ta ce, "Yanzu ke saboda rabin kalma za ki bar aikin mutane ya rushe?"

Na ce ba za ki gane ba.

"Na gane sarai. Kin ga mutum ya fita ya bar ƙofa a buɗe, kina tsoron in kin rufe ya zama ba zai dawo ba." Ta kaɗe zaninta. "Amma mijinki ba a cikin kwamfuta yake ba, yana gidan wansa yana ɓata wa yara kekuna. In ya tashi dawowa, gara ya tarar da abin da zai dawo wa."

Na ce in ya shiga ya ga babu fa? Ya ga kamar na share shi?

Ta ce, "To ki tambaye shi mana." Kamar ba ta san sau nawa na kira ba.

Laraba, da rana

Shugaba ta turo saƙo: muna nan a kan jibi? Na ce muna nan.

Na sake duba fayil ɗin saitinsa tun daga sama har ƙasa. Babu abin da na bari. Gobe da safe, kafin makarantu su buɗe.

Alhamis, da hantsi

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Na zo da sassafe, ko tela bai buɗe ba. Na zauna a kujerarsa, yau dai na zauna. Na daɗe ina kallon layin. Na yi niyyar in ƙarasa masa kalmar, na ga ba tawa ba ce. Na ce a fili, "Ka yi haƙuri," ban san ko da shi nake ko da Tsohuwa ba. Na ba da umarnin.

Tagar ta rufe. Fankokin suka yi ƙasa suka tsaya. Ban taɓa jin ofis ɗin nan shiru haka ba, har agogon bango na ji, ashe yana da ƙara.

Sai wayata ta yi tsuwa a kan tebur. Saƙon gargaɗi: Tsohuwa ba ta amsawa.

Ka'ida ce, kafin a taɓa ta ana kashe gargaɗin. Shi yake yi kullum, shi ya sa ban saba ba. Na bi komai a tsanake sati uku, na zo kan wannan na tsallake. Ina ce mantawa na yi. Ban sani ba.

Abin da na sani, a daidai lokacin akwai akuya tana kuka a gidan Yaya.

Tsohuwa ta daɗe ba ta tashi ba, tana duba faifanta na shekara da shekaru. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Can fitilu suka koma kore. Na buɗe sabuwar taga, wayam, babu komai sai sandan. Na duba saitin, duk sun hau. Na fara shirya gwaji.

Sai haruffa suka fara fitowa da kansu.

"Me kika taɓa?"

Ko sallama babu. Na kalli layin har ya dushe a idona, na goge fuska da mayafi na rubuta: "Abu ɗaya."

Ina ganinsa yana dube-dube, umarni na bin umarni, da 'yan kurakuran yatsunsa da na sani. Ya buɗe fayil ɗin saitin. Ya daɗe a ciki.

"Wa ya rubuta waɗannan?"

"Wadda ka ce ba ta da tsari."

"Kin bar wa malamai jiransu."

"Na bari."

"Saki gwajin mu gani."

Na saki. Muka zauna muna kallon lambobi suna hawa, shi a can ni a nan. Suka wuce inda take shaƙewa, suka ci gaba. Tsohuwa ko tari ba ta yi ba.

Ina da magana cike da baki. Ka dawo. Me na yi maka. Ka san yadda gidan yake da dare. Gadon fa. Na ɗora yatsu a kan madannai, duka goman suna so su fita tare. Na janye hannuna na zauna a kansa. Sannan na rubuta guda ɗaya.

"Kai ya kake?"

Sandan ya yi ta ƙiftawa. Tela ya buɗe shago, na ji kekensa ya tashi. Ya fara rubutu ya goge. Ya sake farawa ya goge.

"Ban san yadda zan shiga gidan ba. In na rufe ido sai in ga ƙofar ƙaramin ɗakin nan. Ni na ce ki bari sai da safe mu je asibiti."

Ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan. Likita ta faɗa a gabansa cewa ko da daren muka je babu abin da zai canza, amma na lura ranar ba ya jin kowa.

Na rubuta: "Ni ma na ce a bari sai da safe. Mu biyu muka faɗa. Kuma ka ji abin da likita ta ce."

Bai fita daga tagar ba. Har yanzu da nake rubutun nan sunansa na nan a jerin waɗanda ke ciki.

Juma'a, bayan la'asar

Sun saki sakamako da safe. Iyaye suka yi mata caa, ta ɗauke su kamar ba komai. Shugaba ta kira tana ta sa albarka, har da cewa a gaida Oga. Na ce zai ji.

Yana cikin tagar tun safe, bai ce komai ba sai "duba faifai" da "ya yi". Da jama'a suka ragu ya rubuta:

"Gobe zan zo ofis. Ofis kawai. Gida ban sani ba tukuna."

Na rubuta: "To. Abu ɗaya. Sai mu jira mu gani."

Ya ce, "Wace ce wannan, ina kika kai matata?"

Asabar, da sassafe

Na gaya wa Mama a bar ƙaramin ɗakin a rufe tukuna, ba yau ba.

Na riga tela zuwa. Na gaida Tsohuwa, na dafa ruwan shayi, na ɗauke jakata daga kan kujerarsa.